Minti Sha Biyun Baba Agogo

Shekarun Baba Agogo sittin da uku, ashirin da shida daga cikinsu a bakin ƙofar kamfanin ɗinkin kayan 'yan makaranta ya yi su. Shi ba maigadi ba ne, kuma ba ya son a kira shi haka. Aikinsa littafi. Kowace safiya ma'aikata suna shigowa ta ƙaramar ƙofa, su tsaya a tagar ɗakinsa su faɗi suna, ya rubuta. Ƙarfe takwas daidai ya ɗauki rula da jan biro ya ja layi a ƙarƙashin sunan ƙarshe. Duk wanda sunansa ya faɗa ƙasan layin nan ya makara. Wanda ya faɗa sau uku a wata ɗaya, takarda ce za ta fito daga ofis, ya tafi gida sati biyu, in ya dawo kuma sai yadda Manaja ya gani.

Ɗakin nasa bai fi taku huɗu ba. Akwai tebur mai gajeriyar ƙafa ɗaya da aka tokare da kwali, da kujerar roba, da katan biyu cike da tsofaffin littattafai, da fanka mai tsayuwa wadda ya zo da ita daga gida tun shekarar da aka ɗauke shi aiki. A bango akwai ƙusa, inda agogon kamfani ya taɓa zama kafin ya mutu. Ba a sayi wani ba, don babu wanda ya ga buƙata. Ga Baba Agogo a zaune.

Mahaifinsa ma'aikacin tashar jirgin ƙasa ne, mai ɗaga tuta. Tun yana yaro burinsa ya zama mai busa usur ɗin da jirgi zai tashi, amma kafin ya kawo ƙarfi jirgin ya daina bi ta garinsu. Ya yi masinja a wata makarantar firamare, shi ke kaɗa ƙararrawa, daga can aka kawo shi nan. Abin da ya gada daga mahaifinsa agogon hannu ne irin na da, wanda ake murɗa wa kai kowace safiya. Da labaran rediyo yake daidaita shi.

Uzuri kam ya ji shi kala-kala: taya ta yi faci, yaro ya kwana da zazzaɓi, mota ta ƙi cika. Amsarsa ɗaya ce ga kowa: "Ni ba ni na makarar da kai ba, rubutawa kawai na yi." Ƙanin matarsa ya taɓa aiki a wurin, ya faɗa ƙasan layi sau uku, ya yi shekara ba ya taka gidansu. Manajan da aka yi kafin wannan ya taɓa zuwa takwas da minti uku, shi ma aka rubuta shi. Har yau ana ba sababbin ma'aikata wannan labarin a ranar farko.

Shekara biyu da suka wuce agogon ya tsaya. Mai gyara ya buɗe shi, ya duba, ya ce kayansa sun daina zuwa. 'Yarsa ta fari, wadda take aikin nas, ta kawo masa waya irin ta shafawa.

"Baba, wannan ba a murɗa masa kai," ta ce. "Da kansa yake karɓar lokaci. Ba ya gaba, ba ya baya."

Ya gwada wayar da rediyo har sati guda kafin ya yarda da ita.

Wanda ya kawo masa wasan Direba ne, mai jan motar kai kaya ta kamfanin, mutum mai furfura da bakin da ba ya hutawa. In ya dawo daga kai kaya, ɗakin Baba Agogo yake zuwa ya sha iskar fanka. Wata rana ya same shi zaune yana kallon bango.

"Tsoho, daga takwas da rabi zuwa sha biyu me kake yi ne? Ƙirga ƙudaje?"

"Aiki nake."

"Kawo wayar nan in sa maka aiki na gaske."

Wasan tashar jirgin ƙasa ne. Ana ba mutum ɗan fili da layin dogo ɗaya da tsohon kan jirgi. A gefen allo akwai akwati, kowace awa yana buɗewa ya zubo da sulalla masu ƙyalli, suna ƙara kamar an watsa su a faranti. Da sulallan ake sayen taragu, a ƙara layi, a gina rumfar fasinjoji. In mutum ya jera kwanaki yana buɗe akwatin ba fashi, kyautar tana ƙaruwa. Baba Agogo ya ce wannan shirme ne na yara. Da yamma Direba ya leƙo ya same shi ya sayi tarago biyu.

Abin da ya kama shi jiragen ne. Suna shigowa a kan lokaci, su tashi a kan lokaci, har da usur. Sai dai bai taɓa bari wani ma'aikaci ya gani ba. Da ya ji takun mutum sai ya kife wayar a kan tebur ya ɗauki biro.

Bayan wata huɗu masu wasan suka canza doka. Wata safiya ya buɗe ya ga akwatin da yake jira awa ɗaya yanzu sai awa huɗu, kuɗin tarago kuma ya ninka. Ya nuna wa Direba kamar mai kai ƙara.

"Ai kowa suka yi wa," in ji Direba. "Amma akwai hanya. Kashe data. Shiga saitin waya, ka cire abin nan da ke sa lokaci da kansa. Tura agogo gaba awa huɗu. To koma wasan."

Akwatin ya buɗe, sulalla suka zubo.

"Yanzu mayar da agogon yadda yake. Shi ke nan."

Baba Agogo ya daɗe yana kallon allon. "Wannan ai satar lokaci ce."

"Lokacin wa? Wa ka ji yana kuka? Su da suka mayar da awa ɗaya huɗu, shawararka suka nema?"

Ya yi kwana biyu bai taɓa ba. A na uku ya taɓa. Cikin sati biyu tasharsa ta yi layi biyar da gadar sama, ya wuce Direba da nisa, Direba ya fara kiransa Sarkin Tasha. Kowane lokaci, yana gama kwashe sulalla yake mayar da agogon a kan saitinsa, ya duba sau biyu.

Sai masu wasan suka gano, suka sake doka. Yanzu in wasan ya ga agogon waya ya koma baya, ko da minti ɗaya ne, akwatin zai kulle kwana uku, jerin kwanakin mutum kuma ya goge ya koma sifili. Direba aka fara kamawa. Ya shigo yana huci kamar wanda aka ƙwace wa lasin.

"Kwana hamsin da ɗaya, Tsoho! Sun share min tas! Kai kada ka kuskura ka koma baya. Gaba suka bari a buɗe. In saura kaɗan akwati ya buɗe kuma kana sauri, tura ɗan abin da ya rage, ka bar shi a nan. Sai ka riƙa cirewa a kanka. Kai da lissafi ba ya ba ka wuya."

Maganar ƙarshen nan ita ta shige shi. Ya fara da minti goma. Bayan kwana biyu ya zama ashirin da biyar, ya rubuta a bayan hannunsa. Da ya kai awa ɗaya cif sai ya ce ya tsaya a nan, don awa ɗaya ba ta da wuyar cirewa. In waya ta ce tara, takwas ke nan. Wata uku yana jan layi a haka, babu wanda ya sani, kuma a iya saninsa bai taɓa kuskure ba.

Wata ranar Talata jerin kwanakinsa ya cika casa'in. Kyautar ranar kan jirgi ne na zinariya, wanda Direba bai taɓa gani ba sai a hoto. Ya iso ɗakinsa bakwai da kwata, ya buɗe wasan, ya ga saura minti goma sha biyu akwatin ya buɗe. Nan da minti goma sha biyu mutane sun fara tsayawa a taga, kuma ba zai taɓa wasa a gabansu ba. Zai iya jira sai bayan takwas da rabi, babu abin da zai rasa. Bai jira ba. Ya tura minti goma sha biyun, ya ce wa kansa yau layi sai tara da sha biyu.

Kan jirgin ya fito yana walƙiya, ya yi usur mai tsawo. Yana cikin kallo motar yadi ta yi ham a babbar ƙofa. Ya fita ya buɗe, ya ƙirga bandir talatin da huɗu, aka yi 'yar gardama a kan ɗaya da ya jiƙe, ya sa hannu. Da ya dawo layin mutane ya kai bakin titi. Ya zauna ya yi ta rubutu. Ya ɗaga kai ya ga waya ta ce tara daidai. Hannunsa ya ɗauki rula kamar yadda ya saba.

Mutum biyar suka zo bayan layin. Ta ukunsu Maman Biyu ce, mai ɗinka maɓalli, wadda kekenta yake bakin taga a babban ɗakin ɗinki. Sai ta kai tagwayenta makaranta take tahowa, kuma sau biyu ta riga ta faɗa ƙasan layi a watan. Ta iso tana murmushi, don a ganinta yau ta yi sammako. Da ta leƙa littafin murmushin ya ɗauke.

"Baba, me nake gani haka? Takwas saura fa!"

"Faɗi suna, 'yata."

"Wallahi takwas saura minti takwas. Ga wayata, duba!"

"Kowa da wayarsa. Ta ƙofa ake bi."

"Baba, don girman Allah ka duba. Na ukuna ke nan. Yau ko karyawa yaran ba su gama ba na ja su."

Sauran huɗun ma suka ɗaga wayoyinsu. Bai kalli ko ɗaya ba. Shekara ashirin da shida ana miƙo masa agogo ta tagar nan.

"Ni ba ni na makarar da ke ba," ya ce. "Rubutawa kawai na yi."

Ta ɗaga murya, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce tsufa ne ya fara taɓa masa ido. Ya rubuta sunanta, ta wuce tana share fuska da bakin mayafi.

Bayan 'yan mintoci, daga rumfar mai shayi da ke tsallaken titi, rediyo ya buga kiɗan da ake buɗe labaran ƙarfe takwas da shi. Baba Agogo ya san kiɗan nan kamar sunansa. Ya dubi wayar. Tara da minti goma sha biyu.

Ya ajiye wayar a kan tebur. Littafin yana buɗe a gabansa, biron yana hannunsa. Jan biro ba ya goguwa. In za a soke layi sai an rubuta dalili a gefe an sa hannu, kuma a katan biyun nan da ke bayansa babu shafi ɗaya da aka taɓa soke layi. Ya yi ta neman abin da zai rubuta a gefen. Yana nan zaune sakatariya ta zo karɓar littafi kamar kullum. Ya rufe ya miƙa mata.

Mutum biyar ɗin suka tafi ofis tare. Sakatariya ce ta kawo masa labarin da rana, tana dariya.

"Baba, ka ji abin da Manaja ya ce musu? Ya ce in Baba Agogo ya ce takwas ta yi, to ta yi. Ya ce gara ya ƙaryata wayoyin duniya gaba ɗaya da ya ƙaryata ka."

"Haka ya ce?"

"Wallahi. Ka ga inda ake riƙon amana."

Kafin a tashi aka ba Maman Biyu takardarta. Ta fita ta ƙaramar ƙofa, dole ta gaban tagarsa. Ya sunkuya yana neman wani abu a ƙarƙashin tebur har ta wuce.

Kwana shida ya yi da abin a cikinsa. Yana zuwa aiki, yana jan layi a tara da sha biyu, yana jiran kiɗan rediyon mai shayi kafin ya ɗora rula. Kan jirgin zinariya yana nan a tasha, bai ko sake duba shi ba, amma kullum sai ya buɗe akwatin sau ɗaya don kada jerin kwanakin ya karye. Wannan, in ji shi, ya fi komai ba shi kunya in ya tuna.

Ranar Alhamis Direba ya shigo, ya zauna, ya ɗauki wayar daga kan tebur ba tare da ya tambaya ba. Ya dubi lokacin, ya dubi na tasa wayar.

"Tsoho. Awa ɗaya ka ce min."

"Ajiye min waya."

"Sha biyun nan ta yaushe ce?"

Baba Agogo ya miƙa hannu ya karɓe wayarsa.

"To ka ja bakinka," Direba ya ce ƙasa-ƙasa. "Sati biyu kamar gobe ne. In ka yi magana har ni za ka jawo." Ya tashi, ya kai ƙofa, ya tsaya. "Sai dai na ji an ɗora wata sabuwa a kan kekenta. An ce hannunta da sauri. Manaja yana cewa ba lallai a buƙaci mutum biyu a maɓalli ba."

Ranar Lahadi da la'asar yana zaune a tsakar gida aka yi sallama. Maman Biyu ce, ita kaɗai. Sai da ta yi tambaya a gidaje uku kafin ta gane gidan. Matarsa ta shimfiɗa mata tabarma ta kawo ruwa. Ba ta sha ba. Ta durƙusa nesa da shi kaɗan.

"Baba, haƙuri na zo ba ka. Maganar da na faɗa maka ranar nan ba tarbiyyar gidanmu ba ce. Ka haife ni. Raina ne ya ɓaci."

"Tashi, 'yata. Tashi ki zauna."

"Na je an duba min wayar ma. Mai gyara ya ce lafiyarta lau, amma ka san su, kowa da abin da zai faɗa. Wataƙila ita ce take baya." Ta gyara mayafi. "Baba, Manaja yana jin maganarka. In da hali ka sa min baki. Ba sati biyun ne ya dame ni ba, a ce in dawo ɗin. Babansu ba ya nan, ni ce komai nasu."

Ya ce to. Ya ce in sha Allahu. Ya rasa inda zai sa idonsa, sai ya ajiye shi a kan butar da ke gefen rariya. Da za ta tafi ta sake cewa ya yafe mata.

Matarsa ta raka ta ƙofa ta dawo. Ta ɗauke kofin, ta naɗe tabarma, sannan ta tsaya a kansa.

"Malam, ƙarfe nawa?"

Ya ɗauki wayar, ya duba, leɓɓansa suka ɗan motsa.

"Ka gani?" ta ce. "Shekara talatin da biyar ina tambayarka lokaci, ban taɓa ganin ka yi lissafi kafin ka ba ni amsa ba sai bana. Me ka yi wa yarinyar nan?"

Ya gaya mata duka, tun daga akwatin har kiɗan rediyo. Ya ma buɗe wasan ya nuna mata kan jirgin. Ta karɓi wayar ta nisanta ta da idonta, ta daɗe tana kallo.

"Wannan ne?"

"Shi ne."

"Ana hawa?"

"Hajiya."

"Tambaya nake. Ƙanina ka rubuta shi, na yi shekara ina ba shi haƙuri, ina cewa haka Allah ya yi ka, ba ka iya karkata ba. Ashe ka iya, wanda za ka karkata dominsa ne bai zo ba." Ta ajiye wayar a cinyarsa. "Da wani mugun abu ne ma da na san yadda zan faɗa wa mutane. Wannan ta ina zan fara?"

Ranar Litinin, bayan ya ja layi, ya ɗauki littafin da kansa ya kai ofis. Manaja sa'an 'yarsa ne, kuma tun yana ƙaramin akawu Baba Agogo yake rubuta sunansa. Ya miƙe ya ba shi kujera. Baba Agogo bai zauna ba. Ya ajiye wayar a kan tebur. Agogon ofis yana cewa takwas da kwata, wayar tana cewa tara da ashirin da bakwai.

Da ya fara bayani Manaja ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Da aka zo kan Talata sai dariyar ta tsaya. Ya tashi ya rufe ƙofa.

"Baba, a gaban mutum biyar na rantse da kai."

"Na ji."

Manaja ya shafa kansa. "To ga yadda za a yi. Mu ce waya ce ta samu matsala. Waya tana yi. A soke layin, a kira ta ta dawo, magana ta mutu a ɗakin nan."

"Wayar lafiyarta ƙalau, ranka ya daɗe. Yarinyar nan ta kai tata wurin mai gyara saboda ni. Jiya ta zo har gida ta durƙusa min."

Baba Agogo ne ya nemi a tsayar da kekunan ɗinki. Manaja bai so ba, amma ya sa aka kashe. Ɗakin ɗinkin da ba a jin magana sai an yi ihu ya yi tsit, mutum arba'in da wani abu suka juyo. Baba Agogo ya tsaya kusa da teburin yanka, hularsa a hannu. Bai yi minti uku yana magana ba. Ya ce layin Talata ƙarya ne, takwas saura sha biyu ya ja shi. Ya ce ya gane tun a ranar ya yi shiru. Ya faɗi dalilin da sunansa, wasan waya ne na tara sulalla.

Ya shirya wa zagi. Abin da ya zo dariya ce. Wata daga baya ta fara, ta toshe baki, sai ta bazu. Wani ya ɗaga murya: "Baba, tarago nawa ka tara?" Wani ya yi kukan jirgi da bakinsa. Daga baya Baba Agogo ya ce da mari aka yi masa da ya fi sauƙi.

Mai yankan yadi bai yi dariya ba. Ya ajiye almakashinsa. "To nawa fa, Baba? Na watan jiya, da na ce maka saura minti biyu? A wane agogon ka rubuta ni?"

Baba Agogo ya buɗe baki zai ce wancan daidai ne. A ransa ya tabbata daidai ne. Amma ba shi da abin da zai nuna.

"Ban da shaida," ya ce.

A ranar Manaja ya soke duk layukan wata uku. Baba Agogo ne ya zauna ya bi shafi-shafi yana rubuta dalili a gefe yana sa hannu, shafi saba'in da takwas, dalili iri ɗaya. Direba bai shiga ɗakin ba sai da yamma, kuma sunansa bai fito a bakin kowa ba.

Ba a kore shi ba. An sayo agogon bango babba, amma ba a kan tsohuwar ƙusar aka rataye shi ba, a waje aka kafa shi, saman taga, inda mai shigowa zai gani tun daga titi. Jan biron yana hannunsa, sai dai yanzu ba ya jan layi sai sakatariya ta zo ta tsaya ta duba agogon ta ce to. Ya mayar da wayar kan saitinta. Akwatin ya kulle kwana uku, kwanaki casa'in da shida suka koma sifili. Bai goge wasan ba. Ya ce yakan buɗe shi a gida, in akwatin bai kai ba ya ajiye ya jira. Matasa in za su wuce sukan ce, "Baba, ƙarfe nawa a tasha?" Yakan nuna musu bango da biro.

Maman Biyu ta dawo washegari. Kekenta na bakin taga yana hannun sabuwar ma'aikaciyar, kuma Manaja ya ce ba zai tayar da wadda ba ta yi laifin komai ba. Aka ba ta wani a can ƙuryar ɗaki, jikin teburin guga, inda tururi yake sauka a bayan mutum tun safe har yamma. Baba Agogo ya tare ta a ranar ya ba ta haƙuri. Ta saurare shi har ya gama.

"Da ka yi kuskure ne kawai, da ba komai," ta ce. "Amma ka bar ni na durƙusa."

Tun daga nan tana zuwa bakwai da rabi. Takan tsaya a taga ta ce ina kwana, ta faɗi sunanta, ta ɗaga kai ta dubi agogon bango, ta wuce. Ba ta ƙara ce masa Baba ba.

Sau biyu ya koma wurin Manaja a kan maganar keken bakin taga, sau biyu ana ce masa a bari a gani. Ranar Asabar da ta wuce, bayan an ja layi, ya cire fankarsa daga soket, ya goge ƙurar da ke jikin ragar da tsumma, ya naɗe igiyar. Ya ɗauke ta a kafaɗa ya ratsa babban ɗakin ɗinki, kekuna suna ta ƙara, idanu suna binsa. Ya ajiye ta a bayan kujerar Maman Biyu, ya durƙusa ya lalubo soket a ƙarƙashin teburin guga, ya kunna, ya juya kanta ya daidaita. Ba ta ɗago ba, maɓalli take ɗinkawa a wata farar riga.

"Ta yi kusa," ta ce. "Za ta kwashe min zare."

Ya ja ta baya taku ɗaya, ya tsaya ya ga zaren ya daina motsi, sannan ya koma ɗakinsa ya buɗe taga.